Lamba ta Bakwai a Kwamfutar Ofishinmu

Na fara aiki a ofishin kamfanin wayar tarho da ke Kafanchan a farkon shekarun casa'in, a matsayin mai buga tafireta. Kamfanin babba ne, yana da rassa ko'ina a ƙasar, amma namu reshen ɗakuna biyar ne kawai, sai fili a baya inda ake jibge falwaya da naɗe-naɗen waya. Aikina in buga wasiƙu, in kuma karɓi ƙorafin waɗanda layinsu ya mutu in rubuta a babban littafi. Ban cika shekara ba aka kawo mana kwamfuta.

Wani injiniya ne ya kawo ta daga Kaduna, dogon mutum mai saurin magana, kullum idonsa na kan agogo. Tunda ni ce na saba da buga rubutu, manaja ya ce ni za a koya wa. Kwana uku ya yi da ni. In an kunna ta, sai baƙin allo ya fito da koren rubutu, jerin abubuwa bakwai. Daga ɗaya zuwa shida duk sassan babbar manhajar hedkwata ne, wadda mu a lokacin furogaram muke ce mata: shigar da ƙorafi, rufe ƙorafi, fitar da rahoton wata, da sauransu. Su ya koya mini har na iya. A rana ta uku, yana haɗa jakarsa, na tambaye shi lamba ta bakwai fa, wadda aka rubuta mata sauran kayan aiki da Turanci.

“Bar wannan,” in ji shi. “Tarkace ne da suka zo tare da ita, babu mai amfani da su.”

Ni kuwa a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na tashi, wurin uban da ba a taɓa kawo rediyo gidansa ba tare da ya kwance bayanta ya ga cikinta ba. Mahaifiyata kan ce hannunsa na ɗauko. Sati bai zagayo ba, wata rana da aka fita cin abincin rana ofis ya yi tsit, na danna bakwai.

Ƙananan abubuwa huɗu na tarar. Akwai kalanda, wadda ta ɗauka ko wane wata kwana talatin ne. Akwai ɗan allon rubutu, amma in ka wuce layi goma sai ya haɗiye na farko. Akwai na buga katin aiki da ake ba masu gyaran layi, shi kuma yana yanke rabin adireshi. Na huɗun na bincike ne: ka rubuta sunan wuri, ya fito maka da duk ƙorafin da aka taɓa shigarwa daga can. Babu wanda ya mutu gaba ɗaya a cikinsu, babu kuma mai cikakkiyar lafiya. Abin ya tsaya mini a rai. Wani ya zauna ya yi su da niyyar su yi amfani, sannan ya tashi ya bar su a haka, kuma ga shi an rarraba su ko'ina cikin ƙasar ba wanda ya waiwaye su.

Babban mai gyaran layinmu wani dattijo ne ɗan wajen Fadan Kaje, kowa Baba yake ce masa. Ya fi shekara ashirin yana hawa falwaya. Hausarsa irin ta yawancin mutanenmu ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa “kai” ne a wurinsa. Bai yarda da kwamfutar ba, amma yana son kallonta. Wata safiya ya tsaya a bayana, hular kwanonsa a hannu, ya ce in tambaye ta sau nawa layin Fadan Kaje ya faɗi a daminar nan. Na ji daɗi, na ce ga ranar lamba bakwai ta zo. Na rubuta sunan garin na danna. Ta ce sau ɗaya.

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ce shi da ƙafarsa ya je sau biyar, ko dai kwamfutar ce ta je sauran ta manta. Ya fita ya bar ni da kunya.

Na koma kan ƙorafe-ƙorafen ɗaya bayan ɗaya. Duk biyar ɗin suna nan. Sai dai wani wuri na rubuta Fadan Kaje, wani wuri Fadankaje a haɗe, wani F/Kaje kamar yadda masu gyara ke taƙaitawa a kati, wani kuma duk da manyan baƙaƙe. A wurin kwamfutar garuruwa huɗu ne daban-daban. Haka Zonkwa, wasu su sa “o” wasu su sa “a”. Na ga laifin ba na ƙarya ba ne, na rashin sanin gari ne. Tambayar da ta dame ni ita ce ko ana iya sanar da ita.

A ƙarƙashin teburin akwai kwalin da ta zo a ciki, da wasu littattafai biyu masu kauri da ko ledarsu ba a cire ba. Na cire. Na farkon bai amfane ni ba. A ƙarshen na biyun na sami babin da ya nuna yadda ake buɗe irin waɗannan ƙananan manhajoji a karanta cikinsu. Ashe ba a kulle suke ba kamar babbar. Ran da na fara buɗe na binciken, na ga layuka sun jeru, rabi kalmomin Turanci da na sani, rabi alamomi. Ban gane ba, amma na ga abu ne da mutum ya rubuta, kuma abin da mutum ya rubuta ana iya karanta shi.

Na yi makonni ina bi a hankali, littafi a cinya, yatsa a kan allo. A nan na lura akwai layukan da ba don kwamfuta aka yi su ba. Suna farawa da wata alama da ke sa ta tsallake su, marubucin ne ke barin wa kansa bayani. Yawanci da Turanci ne, gajeru, ba daɗi ba ɗaci. Sai ga ɗaya da Hausa tsantsa: “Wannan na wucin gadi ne.” Na tsaya ina kallonsa. Can ƙasa kuma na sami wani: “Ban san dalili ba amma yana aiki, kada a taɓa.” Na yi dariya ni kaɗai a ofis.

Daga ranar na shiga tunanin ko wane ne. Na san halinsa kaɗan-kaɗan. Ba ya son dogon suna, komai sai ya gutsure shi zuwa baƙi uku. In ya gaji, bayaninsa na raguwa. A cikin kalandar kuma na ga kamar hannu biyu ne, don akwai wurin da tsarin rubutun ya canja, ya zama tsaf-tsaf, sannan ya koma yadda yake. Nakan ƙaga shi a raina, wani lokaci dattijo mai tabarau, wani lokaci saurayi da aka matsa wa ya gama kafin Juma'a.

Gyarana na farko bai yi kyau ba. Littafin ya ce a kwafi komai a faifai kafin a taɓa, kuma na gode Allah da na bi wannan. Na so in sa na buga katin aiki ya riƙa sauka layi na biyu in adireshi ya yi tsawo. Na canja layuka uku, na gwada da safe, manaja na tsaye yana jiran wata wasiƙa. Firinta ta kama ƙara, ta buga adireshin, ta sake bugawa, ta sake, takarda na zubowa ƙasa tana naɗewa a ƙafar manaja. Na danna duk abin da na sani, ta ƙi tsayawa. Sai da na zare wayar wuta daga bango.

Manajan mutum ne mai sanyi, amma ranar ya yi magana. Ya ce kayan kamfani ne, ba a kawo don in yi wasa da shi ba, in ya lalace shi za a tambaya ba ni ba. Na mayar da komai daga faifan a gabansa, na ba shi haƙuri. Takardar da ta zube kuwa ban yar ba. Na naɗe ta, na kuma buga duk rubutun ƙananan manhajojin nan huɗu a wata doguwar takarda, irin mai huji-huji a gefe, na sa a jaka.

Ƙarshen makon na shiga mota zuwa Zonkwa wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata. Malamin lissafi ne a sakandare, dattijo ne kuma a cocinsu. Bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Ran Lahadi bayan an tashi sujada, mun ci tuwo, na shimfiɗa masa takardar a kan tebur a baranda. Ya sa tabarau, ya ɗauko jan bironsa na makin jarrabawa, ya ce in gaya masa ma'anar ko wace kalma sau ɗaya kawai. Na gaya masa waɗanda na sani. Ya bi layukan da bakin biro, yana motsa leɓe, in an ce a koma sama ya koma, in an ce a tsallake ya tsallake. Matarsa ta kawo gyaɗa ta koma, bai ko ɗaga kai ba. Can ya zagaye layi ɗaya da ja.

“'Yata, kin ce masa ya koma sama ya sake. Ina kika ce masa ya tsaya?”

Na duba. Ban ce ba.

Ya ce ya koyar da yara irin wannan, masu biyayya ƙwarai, in ka aike su ba ka ce su dawo ba sai dai ka bi su. Sannan ya ce in bar masa takardar. Bayan sati biyu da na koma, ya cika bayanta da tambayoyi, har ya gano inda kalandar ke kuskuren kwanakin wata, abin da ban ma roƙe shi ba. Tun daga nan ya zama abokin aikina ba tare da kamfani ya sani ba. Nakan kai masa takarda, ya yi mata jan biro, in dawo in gwada. Wani lokaci shi ke da gaskiya, wani lokaci kwamfuta ta ƙaryata mu duka biyu, in koma in gaya masa ya yi ta mamaki.

Baba ne ya shawo mini kan manaja. Ban san me ya ce masa ba, na dai ji ƙarshen maganar ta ƙofa, yana cewa yarinyar nan ya fi mu haƙuri, a bar shi ya gwada. Manaja ya kira ni ya kafa sharaɗi biyu: sai na gama wasiƙu, kuma daga ɗaya zuwa shida ko da kuskure kada in taɓa. Na yarda.

Na gyara katin aiki. Na binciken kuma na yi masa ɗan jadawali: ko wane gari da duk yadda mutane ke rubuta shi, in an nemi ɗaya ya kawo duka. Ran da na sake tambayarsa Fadan Kaje ya kawo biyar, na kira Baba. Ya ƙirga da yatsa a kan allon, ya ce to yanzu ya fara hankali.

Abin da ya buɗe mini ido sosai kuwa wani Bafulatani ne. Magidanci ne da ya daɗe da zama a yankinmu, yana noma yana kiwo. Ya zo wata ranar kasuwa a kan keke, bayan an kwana biyu ana ruwa da iska. Ya yi sallama a bakin ƙofa, ya ce waya ta faɗo ƙasa kusa da inda shanunsa ke sauka shan ruwa, saura kaɗan ta harɗe ƙafar wata saniya. Na gode masa, na buɗe lamba ɗaya zan shigar. Abu na farko da take nema lambar wayar mai ƙorafi. In ba a sa ba, ba ta wucewa gaba. Na ce masa, Malam, ko kana da lambar waya.

Ya yi murmushi. “Malama, ni ba ni da waya. Taku ce na gani a ƙasa.”

Na tambaye shi lambar falwayar, ya ce bai san suna da lamba ba. Ana haka Baba ya shigo. Suka gaisa, suka tambayi gida da shanu da gona. Hausar ba ta gidan ɗayansu ba ce, wannan na jan ta zuwa Fulatanci, wancan zuwa yarensa, amma cikin minti biyu sun gama. Bafulatanin ya ce bayan gonar citta, Baba ya ce ta mai jan ƙofa ko ta gangare, ya ce ta gangare, inda gora ta yi yawa. Baba ya ce ya gane, ya ɗauki igiyarsa.

Bayan sun fita na zauna ina kallon allon. Mutumin ya tako keke tun daga can don ya taimake mu, amma babu gurbin da zan sa maganarsa. Wanda ya tsara babbar manhajar ya ɗauka mai waya ne kaɗai zai san waya ta lalace. A wurinmu kuwa manomi da makiyayi da direban mota su ke fara gani. Ba ni da ikon taɓa lamba ɗaya, sai na koma kan ɗan allon rubutun nan mai haɗiye layi. Ni da kawu muka yi wata guda a kansa. Muka hana shi haɗiya, muka mai da shi wurin rubuta rahoton duk wanda ba shi da lamba, da gurbi na alamar wuri, muka kuma haɗa shi da na binciken.

Alamomin wuraren a kan Baba suke, sai na roƙe shi ya ba ni. Ko wace safiya kafin motarsu ta tashi, ya ja kujera ya zauna ya bi layi ɗaya da baki, falwaya bayan falwaya, idonsa a rufe. Rafin da mata ke wanke citta. Gidan fasto mai kiwon zomaye. Dutsen da ya tsage biyu. Tsohuwar makera. Wani wurin ya tsaya ya ba ni labarin ranar da zuma ta kore shi daga sama, ko yadda suka kafa wata falwayar da taimakon mutanen ƙauye. Labaran ba su da gurbi, ni na riƙe su. Da ya ga ina bugawa da sauri sai ya ce in rage gudu, kada in sa ƙarya.

Kafin daminar gaba ta ƙare, manaja da kansa ya fara cewa in duba masa bakwai. Da takardar da na buga masa ya nuna wa Kaduna cewa wurin gorar nan ne ke yawan kayar da layi, aka ba da izinin kauce masa. Baba ya san haka tun da daɗewa, ya kuma sha faɗa, amma maganar baki ba ta shiga fayil.

Injiniyan da ya kawo kwamfutar ya dawo duba ta bayan kusan shekara biyu. Ya duba ɗaya zuwa shida, ya ga lafiya. Zai tashi, manaja ya ce ya duba bakwai ma. Ya danna. Ya gwada Zonkwa da “a”, ta kawo. Ya buɗe cikin rubutun ya karanta, ya daɗe, ko sau ɗaya bai kalli agogo ba. Sannan ya tambaya wa ya yi. Na ce ni ce, da kawuna. Ya tambayi inda kawun ya yi karatun kwamfuta, na gaya masa gaskiya. Ya shafa kai.

Ya ce a ƙa'ida ba a yarda reshe ya canja komai ba. Na ce to wa zan rubuta wa a hedkwata in nemi izini, in kuma aika masa gyaran ko wasu rassan za su amfana.

“Matsalar ke nan,” in ji shi. “Babu wanda za ki rubuta wa. Ɗaya zuwa shida suna da sashe, suna da shugaba. Bakwai ba ta kowa ba ce.”

Ya yi mini bayani cewa a can sama, sabon abu babba shi ake gani, shi ake yabon mutum a kai. Wanda ya zauna gyaran kalanda ba mai sanin ya yi aiki. Na tambaye shi wanda ya rubuta su tun farko. Ya ce ya taɓa jin wai wani ne da ya bar aiki ya koma koyarwa, wani kuma ya ce masa mace ce da aka mayar Legas. Bai tabbatar da ko ɗaya ba. Ni ma har yau ban sani ba. Kafin ya tafi ya ciro faifai daga jakarsa ya kwafi nawa, ya ce ba zai sa a rahoto ba, ba zai kuma goge ba.

Watanni suka wuce ban ji komai ba. Wata rana da hantsi waya ta yi ƙara a teburina, muryar wata mata ce daga wani reshe can arewa da mu, ita ma mai buga tafireta. Ta ce injiniya ya sa musu wani abu a kwamfutarsu ya ce in sun rikice su kira Kafanchan. Tana son sanin mene ne gidan fasto mai zomaye, don ta duba garinsu kaf babu shi. Na yi mata bayani ta goge wurarenmu ta sa nasu, ta nemi dattijon masu gyaransu ta zaunar da shi. Ta ce nasu ba ya son magana. Na ce ta fara da tambayarsa wace falwaya ce ta fi ba shi wahala. Mun kai rabin awa a waya. Bayan ita wasu biyu sun kira, ɗayansu ma ya gaya mini wani kuskure nawa da ban gani ba.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in aka kawo sababbin kwamfutoci da sabuwar manhaja, aka kwashe tsohuwar da duk abin da ke cikinta. Baba ya riga ya yi ritaya ya koma gona. Ni kuma aka sa sunana cikin waɗanda za a tura kwas ɗin kwamfuta a Kaduna, ina jin injiniyan ne ya sa, ko da yake bai taɓa faɗa mini ba. Ranar farko malamin ya ce duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya ɗaga hannu. Maza uku suka ɗaga. Ni ban ɗaga ba, don a ganina gyara kawai na taɓa yi. Sai da aka ba mu aikin gwaji na farko na gama kafin a fita shan iska, malamin ya zo ya tsaya a kaina ya tambaye ni daga wane reshe nake.